WordPress, Dandalin Haya ko Gini Daga Tushe: Wace Hanya Ta Dace da Shafinka?

Mai sana'a ya yanke shawarar buɗe shafinsa na intanet, ya tuntuɓi masu aikin har mutum uku, kowa ya nuna masa hanya daban. Wannan ya ce WordPress, wancan ya ce Wix ko Shopify, na ukun ya ce a bar shi ya rubuta komai daga tushe. Kowannensu yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma kowanne yana yabon abin da hannunsa ya saba da shi. Abin da ke ƙara rikita mai kuɗin shi ne kalmomin da ake ta jefo masa, domen, hostin, SSL, SEO, sai ya gyaɗa kai don kada a ce bai waye ba, ya biya. Galibin asarar da ake yi a wannan harka daga nan take farawa: mutum ya biya kuɗin abin da bai san sunansa ba, don haka bai san ko an miƙa masa shi ba.

Kalmomin da sai da su za a iya zaɓe

Domen shi ne sunan da ake rubutawa a burauza don a iso shafinka. Ba a sayensa a mallaka har abada. Rajista ake yi ta shekara 1 zuwa 10 a hannun kamfanin da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta amince da shi, kuma mai ƙarewa da .com yawanci yana tsakanin dala 10 zuwa 20 a shekara. In wa'adinsa ya cika ba a sabunta ba, shafi da imel duka za su tsaya cak lokaci ɗaya. Akwai ɗan lokacin uzuri, sannan kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, bayan haka kuma duk wanda ya riga kowa shi ke ɗauka.

Hostin shi ne masaukin fayilolin shafi, wato wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira sabar. A hostin na tarayya shafuka masu yawa ke zaune a sabar ɗaya, shi ya sa yake da araha, amma maƙwabci mai cinkoson baƙi zai iya rage maka sauri. A VPS an yanka maka naka kason, ya fi tsada, kuma yana son wanda ya iya sarrafa shi.

DNS shi ne kundin da ke haɗa domen da sabar. Layin A yana nuna inda shafin yake, layin MX yana nuna inda imel zai sauka. Kuskuren da aka fi yi lokacin ƙaura shi ne a canza DNS a manta da kwafe layin MX. Shafi ya tashi lafiya lau, amma wasiƙun abokan ciniki su daina isowa, ba wanda ya lura sai bayan kwanaki.

SSL takardar shaida ce da ke mayar da http zuwa https, ta suturta abin da baƙo ke rubutawa a shafin. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke liƙa wa shafin da ba shi da ita alamar rashin tsaro. Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, kuma sabar da aka tsara da kyau tana sabunta ta da kanta. In ka ga an sa maka kuɗi mai tsoka a kan SSL na shafin gama-gari, ka tambayi dalili.

CMS ita ce manhajar da ke ba ka damar shiga da kalmar sirri ka canza rubutu ko hoto ba tare da taɓa kod ba, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi. Fuskar shafi ita ce abin da baƙo ke gani, ana gina ta da harsunan kod na HTML da CSS da JavaScript. Bayan shafi shi ne abin da ba ya gani: rumbun bayanai da shirye-shiryen da ke karɓar oda su ajiye.

A ɓangaren talla kuwa, SEO shi ne gyara shafi don ya fito a sakamakon bincike na Google ba tare da biyan kuɗi ba. CPC shi ne abin da kake biya duk lokacin da aka latsa tallarka. Shafin sauka shi ne inda mai latsawa ke faɗawa. Fiksel ɗan guntun kod ne, kamar na kamfanin Meta mai Facebook, da ake dasawa a shafi don ya gaya wa Facebook da Instagram wanda ya zo da abin da ya yi. Kason juyawa kuma shi ne yawan baƙin da suka yi abin da ake so: in mutum 1,000 suka shigo, 20 suka saya, kason ya zama 2 cikin 100.

Ma'aunin da za a ɗora hanyoyin uku a kai

Kuɗi, amma na shekara uku, ba na ranar farko ba. Kamfanonin hostin da yawa suna sa farashi mai rahusa a shekarar farko, sabuntawa kuma ta ninka. Sai sauƙin aikin yau da kullum: za ka iya canza farashin kaya da kanka cikin minti biyar, ko sai ka kira wani? Sai ɗorewa da irin kulawar da shafin zai riƙa nema, da haɗarin kutse ko ɓacewar bayanai, da yadda zai karɓi aikin talla. Ma'aunin da ya fi duka nauyi, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne mallaka: ranar da ka so tashi, me za ka iya ɗauka ka tafi da shi?

Dandalin haya: Wix, Squarespace, Shopify

Nan kamfani ɗaya ne ke riƙe da komai. Shi ke da sabar, shi ke sabunta manhaja, shi ke sa SSL, kai dai ka zaɓi samfuri, ka ja hoto da linzami ka ajiye inda kake so, ka biya kuɗin wata ko na shekara. Wanda bai taɓa gina shafi ba zai iya fitar da mai shafuka biyar cikin kwana ɗaya ko biyu, in rubutunsa da hotunansa suna hannu.

Kuɗin farawa kaɗan ne, amma ba ya ƙarewa, kuma yana hawa da bukata. Tsarin kyauta na Wix yana sa tallar kamfanin a shafinka, kuma adireshin yana ɗauke da sunansu. In kana son domen naka sai ka biya. A Shopify akwai abin da ya kamata a duba kafin a sa hannu: in ba da Shopify Payments kake karɓar kuɗi ba, suna cire wani ƙarin kaso a kowane ciniki, kuma ba a kowace ƙasa wannan tsarin ke aiki ba. Ƙananan manhajojin da ake ƙarawa, na ra'ayin masu saye, na rangwame, na aika saƙo, da yawansu kowace da nata kuɗin wata. Mutum kan fara da lissafi ɗaya, bayan wata shida ya tarar da biyar.

Ta fuskar tsaro wannan hanya ce ta fi kwanciyar hankali. Ba ka da abin sabuntawa, don haka ba ka da abin mantawa. Abin da ya rage a wuyanka shi ne kalmar sirri mai ƙarfi da tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar da ake nema bayan kalmar sirri. SEO na asali ma yana yiwuwa: taken shafi, bayaninsa, taswirar shafi, wato jerin adireshinsa da ake ba Google, duk akwai. Fiksel da Google Analytics, mai ƙidayar baƙin shafi, kuma yawanci liƙa lamba kawai ake yi, ko da yake a wasu dandalin sai mai tsarin biya.

Matsalar tana wajen tashi. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba a iya ɗauke shafin Wix a kai shi wata sabar, sai dai a sake gini. Squarespace na barin a fitar da wani ɓangare na rubuce-rubuce, amma ba tsarin adon ba. Shopify na ba ka jerin kaya da na abokan ciniki a fayil ɗin CSV, wato jadawalin da ake buɗewa a Excel, wanda abu ne mai amfani ƙwarai, amma shagon kansa ba ya biyo ka. In kamfanin ya ƙara farashi ko ya cire wani abin da ka dogara da shi, zaɓinka biyu ne: ka haƙura, ko ka fara daga farko.

WordPress a kan hostin naka

Da farko a raba abu biyu da ake yawan gwamawa. WordPress.org ita ce buɗaɗɗiyar manhajar kyauta da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda kake ɗorawa a duk sabar da ka ga dama. WordPress.com kuwa dandalin haya ne na kamfanin Automattic. Maganarmu a kan ta farkon ce, wadda ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Wannan yawan yana da fa'ida a aikace: in wanda ya gina maka ya ɓace, samun wani da ya iya aikin ba wuya.

Manhajar kyauta ce, amma shafin ba kyauta ba ne. Za ka biya domen da hostin, wataƙila da rigar shafi, wato tsarin adon da ake saye, da wasu fulogin, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki. WooCommerce, wadda ke mayar da WordPress shago, fulogin ce. Da yawa daga cikin na kuɗi lasisin shekara ake biya, kuma in ka daina biya sabuntawa ke tsayawa. A lissafin shekara uku, ƙaramin shafi a nan yakan fi dandalin haya araha in kai kake kula da shi. In za ka biya wani ya riƙa kulawa, tazarar tana raguwa ko ma ta juye.

Aikin yau da kullum ba wuya. Rubuta sabon labari ko canza farashi bai fi aika imel wahala ba. Kafa shi ne ke son koyo, kuma kulawa ita ce inda shafuka da yawa ke mutuwa.

A nan ya kamata a tsaya. Abu huɗu ne ke tsufa a shafin WordPress: ita manhajar, rigar, fulogin, da sigar PHP, harshen kod da WordPress ke aiki da shi, da ke kan sabar. Mafi yawan kutsen da ake yi ta fulogin da rigunan da ba a sabunta ba yake shigowa, ba ta ainihin manhajar ba. Dalilin kuwa shi ne da zarar an sanar da ɓaraka a wata fulogin, masu kutse kan saki shirye-shiryen da ke bin shafuka dubbai suna laluben wanda bai toshe ba. Ba sai sun san ka ba, ba kuma sai kana da abin sata ba. Ana amfani da shafin ne wajen aika saƙonnin damfara ko tura baƙi wani wuri, Google ya sa masa gargaɗi, aikin SEO na watanni ya rushe. Mafi muni shi ne rigunan kuɗi da ake rabawa kyauta a shafukan sata, domin da yawansu an riga an dasa musu ƙofar baya. Araha ba ta ado, kuma a nan tana iya cinye shafin ɗungurungum. In wanda zai gina maka ya ce zai sa maka riga mai tsada kyauta, ka ce ya nuna maka lasisi.

Kulawar da ake bukata ba ta da yawa, amma tana son tsari. A duba sabuntawa aƙalla sau ɗaya a mako. A ɗauki kwafin ajiya kafin kowace babbar sabuntawa, kuma kwafin ya ƙunshi fayiloli da rumbun bayanai duka biyu, don ɗaya ba ya tashi ba tare da ɗayan ba. A ajiye shi a wajen sabar, domin kwafin da ke zaune tare da shafin tare za su tafi. A gwada mayar da shi ko da sau ɗaya. A goge duk fulogin da ba a amfani da ita, kashe ta kawai bai isa ba. Shagon da ke ciniki kullum ya samu shafin gwaji, a fara sabuntawa a can, domin fulogin biyu kan yi karo su rufe shafin biyan kuɗi.

Wajen talla WordPress na ba da 'yanci sosai. Za ka iya tsara adireshin kowane shafi, ka gina shafukan sauka yadda kake so, ka dasa kowane fiksel. Amma sauri a hannunka yake. Google na ɗaukar shafi a matsayin mai kyau in babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma sigar waya yake dubawa wajen jera sakamako. Hoton da aka ɗauko kai tsaye daga waya kan kai megabait da yawa. A rage girmansa, a mayar da shi WebP, nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, ya koma ƙasa da kilobait 200 in zai yiwu. Akwai kuma wani ɗan akwati a saitin karatu da ke roƙon injinan bincike kada su jera shafin. Masu gini kan latsa shi lokacin aiki, su manta su cire, mai shafi ya yi wata uku yana mamakin rashin ganin kansa a Google. Google Search Console, mai nuna yadda Google ke ganin shafinka, kyauta ne, kuma shi ke tona irin wannan.

A ma'aunin mallaka, komai naka ne. Ka kwashe fayiloli da rumbun bayanai, ka kai wata sabar, ka canza layin A, shi ke nan.

Gini daga tushe

Nan maginin shafi ke rubuta kod don bukatarka kaɗai, da kayan aiki irin su Laravel, Django ko Next.js. Shi ne mafi tsada a farko, da tazara mai faɗi, kuma ana lissafin lokacinsa da makonni ko watanni. In an yi shi da kyau babu mai kamo shi a sauri da dacewa, don babu kayan da ba a bukata a ciki. In an yi shi da gaggawa kuma ya fi kowanne haɗari, domin ɓarakar da ke cikinsa ba wanda zai gano ya gyara maka sai wanda ka biya.

Abu biyu ake mantawa a yarjejeniya. Na ɗaya, wurin shiga na mai shafi: in ba a rubuta cewa za a gina shi ba, duk canjin harafi ɗaya sai ka koma wurin magini. Na biyu, kod ɗin kansa. A rubuta ƙarara cewa naka ne, a ajiye shi a ma'ajiyar kod ta Git da ke ƙarƙashin asusunka, tare da bayanin yadda ake ɗora shi a sabar. In babu wannan, ka biya kuɗin gini amma ka fi ɗan haya rashin 'yanci.

Akwai wani reshe na wannan hanya da ya cancanci a san shi: shafi tsayayye, wanda ba shi da rumbun bayanai, fayilolin HTML ne kawai. GitHub Pages da Cloudflare Pages da Netlify suna da tsarin kyauta na ɗaukar irinsa. Yana da sauri ƙwarai, kuma mai kutse ba shi da ƙofa da yawa da zai taɓa. Illarsa ita ce canza rubutu yana son ɗan ilimin kod, sai in an haɗa masa CMS daban.

| Ma'auni | Dandalin haya | WordPress | Gini daga tushe |
|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kaɗan | Kaɗan zuwa matsakaici | Mai yawa |
| Kuɗin da ke ci gaba | Na wata, yana hawa | Hostin, lasisi, kulawa | Sabar da ladan magini |
| Lokacin kafawa | Kwanaki | Kwanaki zuwa makonni | Makonni zuwa watanni |
| Canji da kanka | Sauƙi sosai | Sauƙi | Sai an gina wurin shiga |
| Wa ke sabuntawa | Kamfanin | Kai ko wanda ka ɗauka | Magini |
| Babban haɗari | Ƙarin farashi, wuyar tashi | Kutse ta fulogin | Dogaro da mutum ɗaya |
| 'Yancin SEO da talla | Isasshe | Mai faɗi | Gwargwadon ginin |
| Ƙaura | Sai an sake gini | Ana kwashe komai | In kod yana hannunka |

Abin da bai canzawa ko wacce ka bi

Ka yi rajistar domen da kanka, da imel ɗinka, a asusun da kai kaɗai ke da kalmar sirrinsa, ka kunna sabuntawa ta atomatik. Magini ba ya bukatar mallakar domen don ya yi aiki, canza DNS kawai yake bukata. In an riga an yi rajistar da sunan wani, ka nemi lambar canja wuri daga hannunsa tun kuna shiri, ka kuma sani cewa sabon domen ba ya ƙaura zuwa wani kamfanin rajista sai ya cika kwana 60. Haka ma asusun Google Analytics da Search Console da na tallan Meta: kai ne mai gida, mai talla baƙo ne da ka ba izini. Fiksel da ya yi shekara yana tara bayanan masu saye dukiya ce, kuma in a asusun wani yake, da shi zai tafi.

Ranar ƙaura kuma a jera duk tsofaffin adireshi, a yi wa kowanne turawa ta 301, wato ta dindindin, zuwa sabonsa. In ba haka ba, mai latsa tsohon sakamako zai tarar da kuskuren 404, wato ba a samu shafin ba, matsayin da shafin ya samu a Google kuma ya zube.

Wa ya dace da me

Mai sana'ar hannu ko ƙaramin ofishi da ke son shafin intanet ɗaya mai shafuka biyar zuwa goma, ba shi da lokacin kulawa kuma ba shi da wanda zai ɗauka: Wix ko Squarespace. Ko ya tashi nan gaba, sake gina shafuka goma ba babbar asara ba ce, muddin domen yana hannunsa.

Mai sayar da kaya wanda cinikinsa ya dogara da shafin, kuma tsayawar awa ɗaya asara ce gare shi: Shopify, bayan ya tabbatar da hanyar karɓar kuɗi da ke aiki a ƙasarsa, ya kuma lissafa kason da za a riƙa cirewa. In ribar kayansa siririya ce, ko yana da tsarin farashi da jigila na musamman, kuma yana da mai kula masa, WooCommerce ta fi.

Jarida, makaranta, ƙungiya, ko duk wanda zai riƙa wallafa rubutu kowane mako kuma SEO ne babbar hanyar samun baƙinsa: WordPress, da sharaɗin a sa sunan mutum ɗaya da ranar mako ɗaya don sabuntawa da kwafin ajiya. In ba a samu wannan mutumin ba, a nemi hostin da ke haɗawa da kulawa, ko da ya fi tsada.

Wanda shafin shi ne hajarsa, kamar tsarin rajistar ɗalibai mai dokoki na musamman ko kasuwar da ke haɗa masu saye da masu sayarwa: gini daga tushe, da yarjejeniyar kulawa bayan miƙa aiki. Amma wanda bai gwada kasuwarsa ba tukuna, kada ya fara da wannan. Ya sayi domen, ya kafa shafin sauka guda ɗaya a dandalin haya ko tsayayyen shafi, ya dasa fiksel, ya saki ƙaramar talla ta mako biyu, ya duba kason juyawa kafin ya kira magini.